Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya: Kada Tururin Nukiliya Ya Shigo Mana Tsakar Gida

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar NNRA, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da dukan ma'aikatan hukumarka. Ni malamin Fiziks ne a wata makarantar sakandare a Arewa. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin maganar da nake tafe da ita ta shafi mutanen da takardun ofis ba sa isa wurinsu: ɗaliban da nake koyarwa, da iyayensu, da 'yan gwangwan da ke zagaya unguwanninmu da baro.

Tambayoyin da yara ke yi idan muka zo darasin ƙwayar zarra sun sauya. A da, yaro zai tambaye ka abin da zai fito a jarrabawa. Yanzu sai ka ji, "Malam, a ina ake samun dutsen yuraniyom?" Ko kuma, "Malam, da gaske ne akwai sinadarin nukiliya a cikin na'urar gano hayaƙi?" A wayoyinsu suke gani. YouTube da TikTok cike suke da mutanen da ke zaune a gareji ko a kicin, suna kara na'urar auna tururin nukiliya a jikin tsohon agogo ko wani ɗan dutse tana ƙara tas-tas-tas, wasu ma har suna fasa abin su kankare shi a gaban kyamara. Masu yin tambayar nan su ne mafiya hazaƙa a ajina, kuma ina alfahari da su. Tsorona shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu zai daina tambaya ya koma gida ya gwada da hannunsa.

An taɓa yin irin wannan yaro a Amurka, sunansa David Hahn. An haife shi a 1976 a jihar Mishigan. Tun yana ƙarami ya shaƙu da haɗe-haɗen sinadarai, har ya taɓa tayar da fashewa a gidan mahaifinsa ya ji ciwo a ido. Aka hana shi gwaji a gidan. Iyayensa sun rabu, don haka sai ya kwashe kayansa ya mayar da su wani ɗan ɗakin ajiyar kayan lambu a bayan gidan mahaifiyarsa, a yankin Commerce, inda ba wanda ke leƙa shi. A 1991 ya samu lambar yabo ta 'yan sikawut kan makamashin nukiliya, daga nan ya ƙudurta sai ya haɗa tasa tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke fasa ƙwayoyin zarra ta samar da makamashi. Ya riƙa tara sinadarin amerisiyom daga na'urorin gano hayaƙi, toriyom daga lagwanin fitilar gas, radiyom daga fentin tsofaffin agogon da ke haske cikin duhu. Ya riƙa aika wasiƙu zuwa hukumar kula da nukiliya ta ƙasarsu da wasu kamfanoni yana cewa shi malamin makaranta ne, suna amsa masa da bayanai, ba su san da ɗan shekara goma sha suke magana ba.

Tukunyar ba ta haɗu ba, kuma ba yadda za a yi ta haɗu da irin kayan da ya tara. Abin da ya samar shi ne tarin ƙura da toka masu fitar da tururi. Da ya ga na'urar awonsa tana jin tururin daga nisan gidaje biyar, sai tsoro ya kama shi, ya wargaza abin, ya loda wani ɓangare a but ɗin motarsa. Ranar 31 ga Agusta, 1994, cikin dare, 'yan sanda da suka fito kan rahoton satar tayoyin mota suka tare shi, suka buɗe but ɗin, shi da bakinsa ya ce musu su yi hankali da akwatin da ke ciki. Yana da shekara 17. A watan Yunin 1995 ma'aikatan hukumar kare muhalli ta Amurka suka zo sanye da rigunan kariya, suka rushe ɗakin, suka zuba shi da kayan cikinsa a durom 39, aka kai hamadar Yuta aka binne. Aikin ya ci kusan dala 60,000. David ya ƙi yarda likitoci su auna abin da ya shiga jikinsa. A 2007 aka sake kama shi kan satar na'urorin gano hayaƙi a ginin da yake zaune, ya rasu a 2016 yana da shekara 39, binciken gawa ya danganta mutuwar da barasa da ƙwayoyi.

Abu biyu a labarin nan suka fi tsaya mini a rai, kuma saboda su na rubuto. Na farko, hanin da aka yi masa a gidan mahaifinsa bai tsayar da gwajin ba, ya dai mayar da shi inda ido ba ya kai wa. Na biyu ya fi muni. Kafin ma'aikatan muhalli su iso, mahaifiyarsa, don fargabar kada hukuma ta ƙwace mata gida, ta riga ta kwashe mafi yawan kayan masu haɗarin ta zuba su a shara. Wato durom 39 ɗin nan saura ne aka binne. Ainihin gubar ta bi motar shara, ta ratsa hannun masu kwasar bola waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Kai da ma'aikatanka kun fi ni sanin dalilin da ya sa gida ba wurin wannan aiki ba ne, amma bari in faɗa saboda iyayen da za su karanta. Na'urar gano hayaƙi da ke maƙale a silin ba ta cutar da kowa. Amerisiyom ɗin da ke ciki bai kai ɗaya bisa miliyan na giram ba, an lulluɓe shi da ƙarfe, kuma irin tururin da ya fi fitarwa, wanda ake kira alfa, takarda ma tana tare shi, fatar mutum tana tare shi. Matsala tana farawa ne a lokacin da aka fasa, aka kankare, aka ƙona, ko aka narka. A nan abin ke zama ƙura. Idan ƙurar ta shiga huhu, ko ta bi abinci, ko ta shiga ta ciwo, babu sauran fatar da za ta tare ta. Amerisiyom da radiyom suna zama a ƙashi, su yi ta harbin ɓargo shekara da shekaru. Haka ta faru da 'yan matan da suka yi aikin shafa fentin radiyom a fuskar agogo a Amurka a shekarun 1920, waɗanda aka koya wa gyara tsinin buroshi da leɓensu: muƙamuƙinsu ya riƙa ruɓewa, da yawa suka mutu da ciwon dajin ƙashi. Ita kanta Marie Curie da ta gano radiyom ciwon ɓargo ne ya kashe ta a 1934, kuma har yau littattafan rubutunta a cikin akwatunan dalma ake ajiye su a Faransa.

Sannan abin ba ya gushewa. Siziyom-137 sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Amerisiyom-241 shekara 432. Radiyom-226 shekara 1,600. Tafasawa ba ta kashe shi, omo ba ya kashe shi, rana ba ta kashe shi. Wanda ya daka barkono a tsakar gida, atishawar maƙwabta za ta tona masa asiri, kowa ya toshe hanci. Wannan ƙurar ba ta da wari, ba ta sa atishawa, ba ta da ɗanɗano. A ɗakin bincike na gaskiya akwai murfin da ke zuƙe iska, akwai garkuwar dalma, kowane ma'aikaci yana rataye da ɗan ma'aunin da ke lissafa abin da jikinsa ya sha don kada ya wuce milisibat 20 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin tururin da jiki ya sha), ga jami'in da aikinsa kawai sa ido. Mutumin gari kuwa iyakar da aka yanka masa milisibat 1 ne a shekara, ban da abin da kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama, wanda matsakaicinsa a duniya ya kai 2.4. Yaron da ke gwaji a zaure ba shi da hanyar sanin ko ya ninka wannan sau goma ko sau dubu.

Ka dubi kuma yadda gidajenmu suke. David Hahn a keɓantaccen ɗaki yake a bayan gida. Mu kuwa tsakar gida ɗaya ce, a nan ake girki, a nan ake shanya, a nan jariri ke rarrafe yana sa hannu a baki, a nan ake zama a ci tuwo da hannu a kwano ɗaya, da safe a share a kai bola inda awaki da almajirai ke tono. Mun riga mun ga abin da shigo da aikin ma'adinai cikin gida ke haifarwa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega kafin a gane bakin zaren. Dalma ba ta fitar da tururin nukiliya, amma hanyar da ta bi ta kai ga yaran nan ita ce hanyar da wannan ƙurar za ta bi, ba bambanci.

Ranka ya daɗe, ɗalibi mai son sani ba shi kaɗai ke gwaji a gida ba. Duk wanda ya tsinci wani baƙon ƙarfe ya kai gida ya sa guduma don ya ga abin da ke ciki, gwaji yake yi, ko da bai taɓa shiga aji ba. Kuma shi ne ya fi kusa da mutuwa, domin abin da ke faɗawa hannunsa ya ninka na agogo da na'urar hayaƙi ƙarfi sau miliyoyi.

Ranar 13 ga Satumba, 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka ƙaurace wa, suka ciro kan na'urar gashin, suka ɗora a baro suka kai gida. A daren suka fara amai. Ɗayansu ya je asibiti da gudawa da kumburin hannu, aka ce wani abu ya ci, ya je ya huta. Ɗayan ya ci gaba da bugun abin har ya huda ƙwayar da ke ciki, mai ɗauke da garin siziyom-137 kimanin giram 93. Suka sayar wa wani mai gidan gwangwan, Devair Ferreira. Da dare ya ga abin yana wani shuɗin haske, ya ɗauka dukiya ce ko wani abin al'ajabi, ya shigar da shi cikin gida, ya kira 'yan'uwa da abokai su gani, ya riƙa gutsura musu. Ɗan'uwansa ya kai nasa rabon gida ya zuba a ƙasa. 'Yarsa Leide, mai shekara 6, ta yi wasa da garin, ta ci abinci da hannun.

Mutane suka yi ta kwanciya ciwo ana ta lalube. Matar Devair, Maria Gabriela, ita ta lura cewa tun shigowar abin nan gidan ba lafiya. Ranar 28 ga Satumba ta sa aka zuba ragowar a jaka, ta shiga motar haya da shi, ta kai ofishin kula da tsaftar jama'a, ta ajiye a teburin jami'i ta ce wannan abin ne ke kashe mata iyali. Washegari wani masanin Fiziks ya aro na'urar awo. Tun bai ƙarasa wurin ba allurar ta buga ƙarshe, har ya zaci na'urar ce ta lalace ya koma ya sauyo wata. Ya dawo ya tarar 'yan kwana-kwana suna shirin jefa jakar a kogi, ya hana su. An auna mutum kusan 112,000 a filin wasan birnin, aka samu 249 da gubar a jikinsu ko tufafinsu. An rushe gidaje, an kankare ƙasa, an kwashe shara mai guba kimanin mita kubik 3,500. Mutum huɗu suka mutu: ma'aikatan gidan gwangwan biyu, matasa, da Leide, da ita Maria Gabriela, wadda ta rasu rana ɗaya da yarinyar, 23 ga Oktoba. A akwatin dalma aka binne Leide, kuma sai da jama'a suka tare hanyar maƙabarta da duwatsu don tsoron gawarta. Kwana 15 abin ya yi yana yawo cikin gari, abin da ya tsayar da shi kuma mace ɗaya ce da ta san akwai ƙofar hukumar da za ta iya zuwa, ta je.

Ba a Brazil kaɗai ba. A Maroko a 1984 wani lebura ya tsinci ƙwayar iridiyom-192 ya kai gida, mutum takwas suka mutu. A Mit Halfa ta ƙasar Masar a 2000 wani manomi ya tsinci irinta, ya ɗauka ƙarfe ne mai daraja, ya rasu shi da ƙaramin ɗansa. A Samut Prakan ta Tailan a shekarar nan ta 2000 aka yanka tukunyar kobal-60 da wutar walda a gidan gwangwan, mutum uku suka mutu. A kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010 wata na'ura ce da jami'a ta yi gwanjonta, mutum ɗaya ya mutu, wasu suka kwanta.

Irin waɗannan ƙwayoyi suna nan a ƙasarmu, hukumarka ce ma ke ba da lasisinsu tun da ta fara aiki a 2001 bisa dokar 1995. Ana amfani da su wajen auna rijiyoyin mai, da duba waldar bututu, da gashin ciwon daji a asibitocin koyarwa, da awon tauri a aikin hanya, da awon cika a masana'antu. Kuma sun taɓa ɓata: a ƙarshen 2002 wasu guda biyu na wani kamfanin hidimar rijiyoyin mai suka salwanta a yankin Neja Delta, sai a 2003 aka gano su cikin tsofaffin ƙarafa a Jamus. Kafin su kai Jamus, hannun wa da wa suka bi? Sana'ar gwangwan a ƙasar nan, daga Legas zuwa Fatakwal zuwa Abuja, yaranmu ne suka fi yawa a cikinta. Su ke tsinta, su ke fasawa, su ke ɗorawa a sikeli, kaya su bi mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne garkuwar da ake rufe ƙwayar da ita dalma ce da ƙarfe mara tsatsa, wato ainihin abin da ɗan gwangwan ke murna idan ya samu. Ga kuma tatsuniyar jar zaiba da 'yan damfara suka yaɗa, wadda ta cusa wa mutane cewa akwai wata dukiya ɓoye a cikin tsofaffin injuna, sai an fasa a same ta. Wanda ya yarda da wannan, idan ya ga gari mai shuɗin haske, ɓoyewa zai yi a ƙarƙashin gado.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wani ɓangare na wannan. A Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun farkon shekarun 1970, ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa tare da ƙungiyar Aghirin'man ta garin sun gano tsofaffin ƙarafa masu tururi a kasuwa tun 2003, ƙarafan da mutane ke saye su yi rufi da kayan gida. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna wani wuri a titin garin Akokan da ke kusa da Arlit ta samu tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Ƙarfe kuwa bai san iyaka ba. A Filato ma, dusar haƙar kuza a Jos da Bukuru tana ɗauke da ma'adinin monazait mai toriyom, ana jibge ta kusa da gidaje, wasu na gini da ita.

Babban roƙona shi ne ku buɗe ƙofar da mutum zai shigo ya faɗi gaskiya ba tare da ya ji tsoron ankwa ba. A 2011 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Richard Handl, a garin Angelholm, ya shafe watanni yana gwaji da radiyom da amerisiyom da yuraniyom a kicin ɗinsa, har wani haɗi ya fashe masa a kan murhu. Daga baya ya aika wa hukumar ƙasarsu tambaya ko abin da yake yi ya halatta. 'Yan sanda suka zo suka kama shi, kotu ta ci shi tara. Ban ce bai yi laifi ba, ya yi, domin ya sa maƙwabtansa a haɗari ba da saninsu ba. Amma wanda ya ji labarin zai iya ɗaukar darasin cewa shiru ya fi. A wurinmu abin zai fi haka tsanani. Ɗan gwangwan ya saba a kira shi ɓarawo. Idan ya gane abin da ke shagonsa haɗari ne, lissafin farko da zai yi shi ne kulle shago, kwana a caji ofis, da asarar kuɗin da ya biya a kan kilo. Da wannan lissafi, kwata ko rijiyar da aka daina amfani da ita ko motar kaya mai zuwa ta fi masa sauƙi. Ku sanar a fili, da bakin hukuma, cewa wanda ya kawo rahoto da kansa ba za a tsare shi ba, hukuma za ta ɗauke kayan kyauta, kuma za a mayar masa da kuɗin ƙarfensa. Ƙasar Sifen ta yi makamancin haka: bayan wata masana'antar ƙarfe a kudancinta ta narka siziyom-137 cikin rashin sani a 1998, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da dillalan tsofaffin ƙarafa a 1999, suna aunawa suna kawo rahoto. Rangwamen da nake roƙo ya kamata ya haɗa da uban da ya gano ɗansa ya tara kaya a ɗaki. Kuɗin ƙarfe kilo hamsin ina aka haɗa shi da kuɗin kankare unguwa?

Ƙofar kuma sai an san da ita. A samu lambar waya gajera, kyauta, wadda idan aka kira za a samu mai jin Hausa. A sanar da ita a gidajen rediyo, domin ɗan gwangwan da rediyonsa yake yawo. A bi ta hannun shugabannin ƙungiyoyinsu da sarakunan kasuwa da masu unguwanni da limamai. Saƙon ba shi da tsawo. Idan ka ga ɗan ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai ɗumi ba tare da wuta ba, ko mai alamar fuka-fuki uku a kan launin rawaya, kada ka taɓa, kada ka fasa, kada ka sa a aljihu, kada ka kai gida, kada ka jefa a ruwa ko a bola. Ka matsa nesa, ka hana yara zuwa, ka kira. Nisa kaɗai kariya ce babba: idan ka ninka tazara sau biyu, tururin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ku ɗauka kowa ya san alamar nan. A Tailan tana jikin tukunyar, waɗanda suka yanka ba su san ma'anarta ba, shi ya sa a 2007 hukumar nukiliya ta duniya IAEA ta fito da ƙarin alama, ja mai kusurwa uku, da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Dukansu biyu ya kamata a gan su a manne a bakin kowane babban sikeli.

A manyan wuraren tara ƙarafa, na'urar awo ta hannu guda ɗaya da mutum ɗaya da aka koya wa riƙe ta za su yi aiki mai yawa. Haka ma ma'aikatan lafiya na matakin farko. Amai da gudawa a wurinmu sunansu kwalara ko taifot ko maleriya, kuma mai ciwon tururi yakan ji sauƙi na kwanaki kafin gashi ya fara zuba, jini ya fara fita, jiki ya kasa yaƙar cuta. Idan mutane da dama daga gida ɗaya ko shago ɗaya suka zo da amai da ƙuna a hannu alhali ba su taɓa wuta ba, a koya wa ma'aikacin asibiti ya tambaya: wane baƙon abu ya shigo gidan kwanan nan? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma ɗalibaina. Su ma ƙofa suke buƙata, don idan muka ce musu kul kawai, mun maimaita abin da aka yi wa David Hahn. Akwai wani yaro a Amurka, Taylor Wilson, da ya fara tara irin waɗannan kaya a garejin gidansu a jihar Arkansas. Iyayensa suka kai shi inda masana suke. Malaman Jami'ar Nevada da ke Reno suka ba shi wuri a ɗakin bincikensu, suka tsaya a kansa, yana da shekara 14 ya yi nasarar haɗa ƙwayoyin zarra a na'urar da ya ƙera, da garkuwa, da awo, da idon manya. Muna da masu irin wannan ƙwaƙwalwa. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero, da tarkacen mota da babur ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a Kano a 2007. Muna kuma da wurin kai su. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, amma ɗalibai nawa ne a Funtuwa ko Giwa ko ma Samaru suka san da ita?

Ina roƙon hukumarka ta haɗa kai da cibiyar da ma'aikatun ilimi na jihohi, a ware ranaku a shekara da 'yan sakandare za su je su gani da idonsu, su riƙe na'urar awo, su ga yadda masani ke sa ma'auni a ƙirji kafin ya shiga, su yi tambayar da ni ban isa in amsa ba. A horar da mu malamai kan gwaje-gwajen da ba su buƙatar a fasa komai: auna tururin da ke cikin aji da na filin makaranta, ganin yadda takarda da faranti da dalma ke rage shi ta amfani da rufaffun ƙwayoyin koyarwa masu lasisi, da akwatin hazo da ke nuna sawun ƙwayoyin da ke saukowa daga sararin sama. A kuma ba yaro adireshin da zai aika tambaya da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya, a amsa masa, a san da shi, a kira malaminsa idan tambayar ta nuna ya fara tara kaya.

Idan hukumarka ta shirya saƙon, ni da abokan aikina a shirye muke mu mayar da shi Hausar da ɗan kasuwa zai ji, da boko da ajami, mu karanta wa ɗalibai a taron safe, mu kai wa shugabannin 'yan gwangwan na garinmu hannu da hannu. Abin da muke jira daga gare ku shi ne lambar wayar, da alkawarin cewa wanda ya kira ba zai kwana a kulle ba.

Allah Ya taimake ka, Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Malamin Fiziks a makarantar sakandare, Jihar Kaduna.